Kor huɗu da tuba ɗaya: me za mu ba Habu ya busa?

Mushe Isufu, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri na ɗauko ta daga tushe, don in na jefo ta haka tsirara, rabinku za su ce rana ta taɓa malamin lakwal.

Lissafi nake koyarwa a kwaleji. Lokacin da nake karatu a Yamai na yi zaman gidan haya ɗaya da wani soja mai busa a fanfar, wato ƙungiyar masu busa da ganga ta fareti. Shi ya koya mini karanta do-re-mi, shi kuma ya fara ɗora mini ƙahon nan da Faransawa ke ce wa kor. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: siririn bututun tagulla ne da aka naɗe kamar gammo, ƙarshensa ya buɗe kamar mazurari, kuma mazurarin baya yake kallo, ba gaba ba. Hannun hagu ke danna maɓallai, na dama yana cikin mazurarin. Na dawo gida, na yi aure, ɗiya suka zo, na shekara 14 ban sa shi a baki ba.

Bara da kaka wani Alhaji, baban wani ɗalibina, mai kawo gwanjo daga Kwatano, ya aiko a kira ni. Tun kafin a rufe iyakar Benin aka cika masa kwantena da tarkacen Turai, firji-firji da kekuna, a ciki har da baƙaƙen akwatuna biyar da ba wanda ya taya. Yaran shago sun matsa a kai wa masu sayen tagulla a kilo. Na buɗe na farko, sai ga kor kwance, ya yi kore-kore, yana warin tsohon kabad. Huɗu duk kor ne. Na biyar sai da yara biyu suka kinkimo shi: tuba ce, ƙatuwar abin busa mai sautin ƙasa, ƴar si bemol (sunan sautin da aka gina ta a kai ke nan), da ƴar lotsawa a gindi. Alhaji ya ce in ba da jikka 40 in kwashe, in riƙa biya ƙarshen wata. Uwargida ba ta yi mini magana ba kwana uku.

Mu biyar ne yanzu. Ni, da Sani tela wanda ya taɓa busa torompet yana yaro, da Yohana da ke waƙa a majami'arsu, ya saba da muryoyi huɗu, kunnensa ya fi na kowa a cikinmu, da Ramatu ɗalibata ta ajin ƙarshe, wadda babanta ya yarda bisa sharaɗin ƙanenta ya riƙa rako ta. Na biyar shi ne Habu, yaron mai walda. Tun ranar 18 ga Disamba 2015, da aka yi Maraɗi Kwalliya, ya ga sojan da ya rataya ƙatuwar tubar nan da ke zagaye jikin mutum, mazurarinta bisa kai, ya ce shi kam ya ga sana'a. Daga baya ya yi shekara biyu yana busa bas, wato tuba, a wata ƴar fanfar a Damagaram. Ƙirji gare shi kamar randa.

Ni ba fareti nake so mu yi ba. Abin da ke raina shi ne wanda Turawa ke kira kiɗan ɗaki, ni kuwa kiɗan zaure nake ce masa: mutane kaɗan, kowa da muryarsa shi kaɗai, ba ganga, ba mai sanda a gaba, ana kallon juna ana sauraren juna. Mu huɗu masu kor mun fara samun hakan da wani littafin waƙoƙi mai muryoyi huɗu da Yohana ya kawo. Ba mu iya ba, amma akwai wani wuri da muryoyin ke haɗuwa su zauna, har gashin hannuna ya kan tashi.

Sai Habu ya shigo. Murya huɗu, mutum biyar, don haka na kwafa masa takardar kor na huɗu na ce ya bi Yohana. Wallahi abin da ya fito ba ya faɗuwa. Na tsaya a kansa ina kallon yatsunsa, daidai yake dannawa, inda aka rubuta do, do yake busawa, amma sautin ya kama wata hanya daban, kamar mutum biyu suna ba da labari biyu a lokaci ɗaya. Ga ƙarfi. A aji muke yi bayan la'asar, rufin kwano ne, in ya busa sai kwanon ya ɗauki rawa, ƙura na zubo mana. Gardi ya leƙo ya tambaya ko janareta muka tayar. Ramatu ta ajiye nata ta ce, “Mushe, ni ban ma san ko ina busawa ba.” Habu ya ji kunya, ranar ta biyu bai zo ba, sai da na bi shi garejinsu.

To, masana, mene ne ya sa do ɗinsa ba namu ba ne? Kuma akwai kiɗan da aka rubuta musamman don kor huɗu da tuba, ko ni ne na haɗa auren da ba ya ɗauruwa? In babu, me zan ba yaron nan ya busa? Ba na son in sallame shi, shi ya fi kowa zuwa da wuri.

Wata ƙarama kuma: kor ɗin Sani yana fitar da iska a wata gaɓa, maigidan Habu ya ce a kawo ya ɗana masa walda. Maɓallansa ma sun yi nauyi tun da ya ɗiga musu man gyaɗa.

Ajidan mai ritaya, Tibiri

Wa alaikumus salam. Ɗana Isufu, jikana ke buga mini wannan a salula, ni idona ya gaji. Shekara 29 na yi ina rungume da bas a fanfar, don haka yaronka nake ji wa.

Ba shi da laifi a maganar do, kai ne ka ba shi takardar da ba tasa ba. Kor ɗinku ɗan fa ne: in ka ga do a takarda ka busa, abin da ke fita a kunne fa ne, mataki biyar ƙasa. Shi kuwa yadda ake koya mana a fanfar, in mai bas ɗin si bemol ya ga do ya busa, si bemol ke fita. Ku kuna fa, shi yana si bemol, haka kuka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa ba ku haɗu ba. Maganinta alƙalami. Duk inda takardar kor ta ce do, rubuta masa sol. Re ya zama la, mi ya zama si, haka har ƙarshe. A goshin layi kuma ka ƙara masa diyez ɗaya, alamar ɗaga sauti, bisa abin da ke naku; in naku bemol ne, alamar sauke sauti, ka rage ɗaya. Kai malamin lissafi ne, wannan ba zai kai ka dare ba.

Maganar ƙarfi ita ce babba, kuma ba ta takarda ba ce. A fareti aikin mai bas shi ne sojan da ke can layin ƙarshe ya ji inda zai sa ƙafar hagu. An horar da yaronka ya zama ganga. Yanzu kana so ya zama tabarma, a zauna a kansa. Wannan sabon karatu ne, sai ya koma aji ɗaya.

Wani shef ɗinmu a Yamai, Allah ya jiƙansa, ya kan shiga bayan ƙofa ya ce in busa sauti ɗaya. Ya ce in ya gane daga can daidai lokacin da na fara, in sake. Na ce ranka ya daɗe, ta yaya za a busa abu kamar wannan ba a ji farkonsa ba? Ya ce in daina buga harshe kamar mai tofar da ƙwallon magarya. Ya kamo tafin hannuna ya ce in yi masa huci irin na safiyar hunturu, ba irin hurin da ake yi wa kunu mai zafi ba. Iska mai ɗumi, mai yawa, marar gaggawa. Wata biyu na yi ina sauti ɗaya bayan ƙofar nan, abokaina suna dariya. Sa Habu ya yi haka kowace safiya, minti goma, sauti ɗaya ya riƙe har numfashi ya ƙare, a hankali yadda jariri zai iya barci kusa da shi. Busa a hankali ya fi busa da ƙarfi cin iska da haƙuri, zai gane da kansa.

Ku fita daga ƙarƙashin kwano. Bakin tuba sama yake kallo, kwanon kuke busa wa. Ku nemi ɗakin ƙasa. Ku masu kor ku ba bango baya da tazarar kamar taki biyu, tunda sautinku baya yake fita, bangon ne zai maido shi. Shi kuma ya zauna a ƙarshen layi kusa da mai kor na huɗu, yadda za su ji numfashin juna.

Kar ku bar tubar a rana. Da zafi ƙarfen busa hawa yake yi, babba ya fi ƙarami hawa. In watan Afrilu ya zo, ku daidaita sauti da farko, ku sake bayan kun ɗan busa, a ja bututun daidaitawa waje kaɗan.

Kar ka sallame shi. Yaron da ke zuwa da wuri ba a samunsa a kasuwa.

Ɗan Gobir

Ni dai abin ya ba ni dariya. Muna da kakaki, muna da algaita, muna da farai, ga su nan a fadar Maraɗi da ta Tibiri, masu busa su suna tsufa ba magada, amma malami ya ɗauki jikka 40 ya sayi tsohon ƙarfen da Bature ya zubar. In kuna son busa, ku je ku durƙusa gaban Sarkin Busa ku koya. Wa zai saurari wannan kiɗan zauren naku a Maraɗi? Ko biki ba za a gayyace ku ba.

Mushe Isufu

Baba Ajidan, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Na kwana ina dariyar kaina. Mutumin da ke koya wa yara cewa ba a tara kilo da lita, shi ne ya tara fa da si bemol.

Malam Ɗan Gobir, maganar magada gaskiya ce, ba zan musa ba. Amma kakaki ba kayan kowa ba ne, na sarauta ne. Ranar da na busa shi a aji, dogarai za su riga gardi isowa. Kuma ka duba da kyau, ɗan gida ɗaya ne da abin da ke hannuna: bututu, leɓe na rawa a bakinsa. Kakaki miƙaƙƙe ne, sautinsa biyu, da su yake kiran sunan sarki a ji har bayan gari. Kor an naɗe shi an sa masa maɓallai don ya faɗi sauran. Biki kuwa ba mu nema ba. Mu biyar ne, kuma mun ishi junanmu sauraro in Habu ya bari.

Nana Mariyama, ƴar Bagalam, daga Liyon

Mushe, ina wuni? Ba za ku tuna ni ba, kun koyar da mu a aji uku, ni ce mai zama bayan taga da na faɗi jarrabawarku sau biyu. Yanzu karatun kiɗa nake yi a nan Faransa, ga shi yau ni ce zan ba ku amsa. Sunayen mutanen zan rubuta su yadda masu su ke rubutawa, don ku same su in kun nema a intanet.

Auren yana ɗauruwa, sai dai amaryar yarinya ce, shi ya sa kayan ɗakinta ba su da yawa. Kor tsoho ne, daga ƙahon farauta ya fito. Tun ba shi da maɓalli ko ɗaya ake busa shi, ana sauya sauti da leɓe da hannun nan da kuke sa wa cikin mazurari. Sai a 1818 aka yi rajistar maɓallan a Jamus. Tuba kuwa sai ranar 12 ga Satumba 1835 Wieprecht da Moritz suka yi rajistarta a Barlin. Manyan masu tsara kiɗa, Mozart ya rasu a 1791, Beethoven a 1827, ba wanda ya taɓa jin ta a cikinsu. Don haka kiɗan kor huɗu yana da yawa, wanda aka ƙara wa tuba kaɗan ne, mafi yawansa ma juyi ne, wato an ɗauko waƙar da aka rubuta don wasu an raba musu. Abin da ku ma za ku yi ke nan, kuma ba abin kunya ba ne, masu kor a nan haka suke yi.

Kafin komai ku zaunar da Habu ku saurari kashi na biyu na Simfoni ta 7 (dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa) ta mai tsara kiɗa Bruckner, mai tafiyar hawainiya, ko minti ɗaya na farko. Yana cikin rubuta shi Wagner, wanda yake girmamawa ƙwarai, ya rasu a Fabrairun 1883. Ya buɗe shi da ƙahoni huɗu da ake kira tubar Wagner, waɗanda masu kor ne ke busa su da bakin kor, sannan babbar tuba ɗaya a ƙarƙashinsu. Huɗu da ɗaya, kamar ku. Ku ce wa Habu ya nemo tubar da kunnensa. Zai sha wuya kafin ya ware ta, amma da za a cire ta, kowa zai ji ƙasa ta zame. Abin da Baba Ajidan ya kira tabarma ke nan.

Abin da za ku fara busawa kuwa, ni da Locus iste zan ce, ta Bruckner ɗin dai, ta 1869. Waƙar majami'a ce ta muryoyi huɗu, gaɓa 48 kacal ta ƙirgen kiɗa, ba gudu a ciki, kuma tana IMSLP, shafin takardun kiɗa na intanet, kyauta tunda ta tsufa. Ku masu kor ku karanta ta yadda take a rubuce, komai zai sauka mataki biyar da kansa. Nan ne amfanin Habu zai fito, don muryar ƙasa za ta gangara inda sabon mai kor na huɗu sai gurnani, tuba kuwa nan ne tsakar gidanta. Ku ba shi muryar ƙasa. Yohana ya riƙe ta tare da shi, amma duk inda ta yi zurfi ya hau bene ɗaya, do na sama maimakon na ƙasa. Akwai wuri a tsakiya da muryar ƙasa ke yin shiru gaba ɗaya, uku na sama su yi ta lallaɓawa. Kar ku cike masa wurin. Ya zauna ya ƙirga.

In kun fara juya waƙoƙi da kanku, ku bar fili mai faɗi tsakanin tuba da wanda ke bisanta, ku matse na sama kusa da juna. In kun cusa sautuka kusa-kusa a can ƙasa, taɓo za ku ji. MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, kyauta ce, tana kuma yin lissafin do zuwa sol da kanta, ko da yake na san ku, da hannu za ku yi.

Wani abu da ba a faɗa muku ba: a tsarin masu kor, na ɗaya da na uku su ne na sama, na biyu da na huɗu na ƙasa. In Ramatu sama ta fi yi mata sauƙi, ta uku ce, ba ta biyu ba. Ku ba ta murya ta biyu daga sama, Sani ya ɗauki ta uku.

Kuma kar ku ga laifin kanku in sauti ya tsage muku. Kor ɗan fa, in an warware shi, ya kai mita 3.7, kusan tsawon ƙaramar tuba ƴar fa. Ta Habu ta kai mita 5.5. Bambancin shi ne tuba mai faɗin ciki ce, tana busa sautukan ƙasa na bututunta, inda suke nesa da juna. Kor siriri ne, can sama yake aiki, inda sautukan ke cunkushe kamar ƴan kasuwa, leɓe ya ɗan goce kaɗan ka faɗa rumfar maƙwabci. Manyan ƙwararru ma yana kunyata su a gaban jama'a.

Gaba kaɗan akwai guntaye shida na kor huɗu da Nikolai Tcherepnin ya rubuta, masu daɗi, ana iya ƙara wa wasunsu tuba. Sonatar kor huɗu ta Hindemith ta 1952 ku bar ta tukuna. Ta Schumann ta 1849 kuwa, ban da tana bukatar babbar ƙungiyar makaɗa a baya, kor na ɗaya yana hawa inda zai fasa muku leɓe. Wadda aka rubuta daidai don ku tana nan: wani ɗan Suwidin, Christer Danielsson, ya yi jerin kiɗa na tuba da kor huɗu. Sai dai a can tubar ce amarya, kor huɗun ƴan rakiya, kuma sayen takardar ake yi. Ni da zan ba da shawara, kar Habu ya ji labarinta sai ya iya yin shiru.

Ku gaishe mini da Madam.

Lawali mai radiyato, Sabon Gari

Mushe, don Allah kar ka kai ƙahon nan wurin mai walda. Na sha gyara wa ƴan fanfar torompet. Tagullar ba ta fi kaurin gwangwanin madara ba, wutar walda na taɓa ta za ta huje, kuma sauran gaɓoɓin da ke kusa duk za su saki, don da dalma aka liƙa su. Ƙaramar wuta ake sa wa, a goge wurin ya yi fes, a zuba dalma ta bi gaɓar da kanta. Kawo shi da safe kafin motoci su taru, ba zan karɓi ko dala ba, ɗana yana ajinka.

Man gyaɗa kuwa na ƙuli-ƙuli ne. Yana daskarewa ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta hau kai, shi ke nan. A zare bututan da ke zaruwa, a wanke ciki da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulun wanke kwanoni, a bari ya bushe. Tela ne fa, man keken ɗinki yana gabansa, shi zai ɗiga a ƙusoshin maɓallan. Bututan da ake ja a shafa musu basilin kaɗan. In maɓallan naku masu zare ne kuma zaren ya tsinke, a nemo igiyar fatsa wurin masuntan Madarunfa, saƙaƙƙiya, ba mai santsin nan kamar roba ba.

Mushe Isufu

Na yi shiru mako uku, ga abin da ya faru.

Mun tashi daga aji. Kakan Sani ya ba mu zaurensa a tsohon gari, ginin ƙasa, rufin azara, da sharaɗi biyu: a tsaya da an kira magariba, kuma kar a taɓa buhunan geronsa da ke lungu. Malam Lawali ya liƙe gaɓar cikin minti ashirin, ya hana ni ko sayen shayi. Abin da ya fito daga cikin kor ɗin Sani da muka wanke shi ba zan rubuta shi a nan ba.

Nana, na tuna ki sarai, ke ce mai zana furanni a gefen takardar jarrabawa. Kin yi gaskiya, da hannu na yi, na ja layi biyar-biyar da rula a bayan tsofaffin takardun aji. Na mayar da Ramatu mai kor na uku, sai ga yarinya ta buɗe kamar ba ita ba. Ashe wata huɗu ina danne ta a ƙasa.

Mun saurari Bruckner a salulata, mu biyar kai a haɗe, ƙanen Ramatu na shida. Sau uku Habu yana cewa shi bai ji tuba ba, ƙarya ake yi. Sai da Yohana ya ara masa abin sa wa a kunne. Ya saurara, ya cire, ya ce, “Wannan mutumin ana biyansa kuwa?”

Da na miƙa masa takardarsa ya ga wurin shirun nan, ya ɗauka mantuwa na yi, ya ce in kawo ya cike da kansa. Na ce umurnin Liyon ne. Ranar farko ya shigo kafin lokaci, ta biyu ya wuce lokaci yana kallon ƙadangare a azara. Lahadin da ta wuce ya ƙirga daidai. Mu uku muka lallaɓo, muka iso, sai na ji abu ya taso daga tabarmar da nake zaune ya bi ta ƙashin bayana, ban ji farkonsa ba. Na kasa kama sautina na gaba, Sani ya fashe da dariya cikin ƙaho, muka watse. Kakan Sani da ke ƙofa bisa buzunsa ya leƙo ya ce wa ya rasu. Muka ce ba kowa. Ya ce to a sake wannan ɗin, amma ban da dariyar.

Ba a gama ba. Da waƙa ta yi ƙarfi Habu yana komawa fareti, kuma har yanzu harshensa na buga ƙwallon magarya in ya gaji. Yohana yana kukan leɓensa na mutuwa bayan rabin awa. Ni kuma sol na sama yana tsage mini sau ɗaya cikin uku. Sani yana so mu juya sabon taken ƙasa na 2023 zuwa murya biyar, na ce sai mun kai ƙarshen gaɓa 48 ba tsayawa.

Nana, bincika mini kuɗin takardar ɗan Suwidin ɗin a asirce, ki turo mini ta salula, kar ki rubuta a nan, Habu ya fara leƙowa. Malam Ɗan Gobir, ƙofar zauren a buɗe take, in ka shigo gari ka biyo. Baba Ajidan, Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa. In jikanka zai ɗauko ka a babur, ni zan zuba mai, goronka kuma yana wurina. Akwai wani ƙyaure a zauren da ke shiga cikin gida, Habu ya ce ka zo ka tsaya bayansa.